Gizo da Ƙoƙi guda 30 a memori ɗaya

Hutun makaranta ne ya kai ni wani shagon tura fina-finai a Kasuwar Barci, na ce a loda mini katun na Hausa saboda yara. Aka zuba mini tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi guda 30. Mako biyu muka yi muna kallo bayan isha'i, duk daren da aka kawo wuta.

Sauti ya fita ras, kuma wanda ya yi muryar Gizo ya iya tsamin bakinsa kamar yadda kakata ke kwaikwaya a Tudun Wada. Wannan kaɗai ya faranta mini rai.

Amma tun kafin mu kai na 10, ƙaramata ta fara faɗin abin da zai faru. Gizo ya ji yunwa, ya yaudari kura, asiri ya tonu, ya tsere. Bishiyar kuka ɗaya ce ke ta wucewa a bayansa in yana gudu. Na san dalili: daƙiƙa ɗaya ta fim kan ci hotuna 24, don haka mai ƙaramin jari dole ya sake amfani da zanen da ya riga ya yi. Na yi musu uzuri a kan zane. A kan labari ne ban yi ba.

Ai tatsuniya da maimaici aka san ta. Kullum da "ga ta nan, ga ta nanku" ake buɗewa, waƙar cikinta takan dawo sau uku, amma duk dawowa da abin da ya ƙaru, ko haɗarin ya matso ko muryar ta sauya. Tom and Jerry ma tun 1940 kyanwa ke bin ɓera, sai dai kowane karo da sabon tarko.

Na 22 ne ya nuna sun iya in sun so. Ƙoƙi ta gaji, ta ɓoye hatsi, ta bar Gizo ya yi ta ƙulla dabara a kan rumbun da babu komai ciki. Yara suka yi tsit, don a karon farko ba su san ƙarshen ba. Sau huɗu suka sa na mayar musu da shi.

In za ku saya, ku ce a tura muku guda 10 tukuna, ku roƙa a haɗa da wancan na rumbun.