Wurin cin abincin da ɗalibai suka yi wa zane a hanyar Zariya zuwa Kano

Sharon nake ja tsakanin tashar Kawo a Kaduna da Unguwa Uku a Kano. Tunda aka sake shimfiɗa kwaltar hanyar nan, aikin da aka fara a 2018, tafiyar ta yi sauƙin da direba zai iya shararawa bai tsaya ko'ina ba, sai in lokacin salla ya riske shi ko wani fasinja ya matsu. Masu abincin bakin hanya sun ji a jikinsu. Wata Hajiya mai rumfar abinci a bayan wani gidan mai, idan ka bar Zariya kafin ka kai Tashar Yari, ta yi dabarar da ban ga wani ya yi ba: ta bai wa wasu ɗalibai masu koyon zane katangar wurinta, ita ta sayi fenti ta ciyar da su, su kuma suka sami inda za su gwada hannu. Yanzu can nake tsayawa, kuma ga yadda na ga wurin.

Abincin dai ba yabo ba fallasa. Shinkafa da wake da mai da yaji na da kyau idan ka zo kafin azahar, tuwon shinkafa miyar taushe ya fi komai, naman kuwa wani lokaci sai ka yi kokawa da shi. Mai shayin ƙofar shiga ba ya rowar madara. Akwai ruwa a butoci kullum, wanda a hanyar nan ba ƙaramin abu ba ne.

Zanen ne ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu. Katangar da ke fuskantar titi, ɗaliban sun cika ta da mutanen hanya. Ga yarinya mai tallan gyaɗa ta miƙa tire ta tagar mota, ga mai faci ya tsoma tib a bahon ruwa yana neman inda iska ke fita, ga tirela an lafta mata buhunan albasa har ta karkata. Wanda ya zana mai facin nan ya zauna ya kalli mai faci da gaske: ya sa masa silifa wari daban-daban, ya sa kumfar iskar tana tasowa ƙanana a gefe ɗaya na bahon, ya sa tsumma a kafaɗarsa. Na ga wani dattijo cikin fasinjojina ya tsaya gaban hoton yana dariya, ya ce wallahi ya san mutumin, a Kwanar Dangora yake.

A ɗaya ɓangaren kuma sun zana Sarauniya Amina a kan doki da takobi a sama. Wannan bai burge ni ba. Irinsa ne a kalanda da bangon makarantun firamare, dokin ma ƙafafunsa na gaba sun fi na baya tsawo. Da alama an ga tunda Zazzau ake, dole a sa ta. Da sun bar wurin sun ƙara mana 'yan kamasho suna rigima kan lodi, da ya fi.

Inda suka nuna hankali shi ne bangon masallaci. Ba su sa hoton mutum ko dabba ba ko ɗaya. Sun yi irin zanen da magina ke yi a fuskar zaure a cikin birnin Zariya, mai tudu da kwari, da dagi a tsakiya, sai dai da siminti suka yi maimakon ƙasa da makuba. Da yamma idan rana ta karkata, tudun zanen na yin inuwa, sai ka ga kamar an sake shi sabo. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masa Masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, bai kamata a rasa masu wannan hannu ba. Kuma a Zariyan nan ne a 1958 wasu ɗalibai, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna cewa a haɗa abin da Bature ya koyar da abin da aka gada a gida. Duk wanda ya taɓa ratsa lambun sassaƙe-sassaƙen da ke Samaru ya san aikin ɗalibai na iya zama abin kallo. Bambancin kawai, can sai wanda ya shiga jami'a zai gani, nan kuwa har mai dakon buhu.

Sai raƙumin ƙarfe. Sun yi shi da walda daga tarkacen mota: sifirin tirela ne haƙarƙarinsa, shokoziba ƙafafu, tankin babur tozo, filogi biyu idanu. Mu direbobi mukan tsaya muna lissafa kayan wace mota ce a jikinsa. Amma ya jawo magana. Wani malami cikin fasinjoji ya ce wa Hajiya gunki ne, bai dace a ajiye shi inda ake salla ba. Ta ce, “Allah gafarta Malam, ƙarfen bola ne yara suka harhaɗa, amma tunda ka faɗa za a matsar.” Ta sa aka janye shi can wajen masu faci, nesa da masallaci, kowa ya huta. A ganina ta yi daidai, kuma nan ɗin ma ya fi dacewa da shi.

Ƙorafina na gaskiya kulawa ce. Fentin da aka saya mai araha ne, damina ɗaya ta wanke shuɗin sararin sama ya koma toka-toka, ƙasan bangon kuma ya fara ɓarewa inda ruwan alwala ke gangarawa. An manna fastar ɗan siyasa a kan fuskar mai tallan gyaɗa, wani ya ɓare ta, ta tafi da ido ɗaya. Sannan babu ko ɗan allo da ke ɗauke da sunayen yaran da suka yi aikin. Mai zanen bayan tirela ma yakan sa sunansa da lambar waya a ƙasa, ta haka yake samun wani aikin. Na gaya wa Hajiya, ta ce idan sun dawo hutu za ta sa su rubuta.

Banɗakin maza na da tsabta da safe, da yamma sai a hankali. Na mata kuwa fasinjojina mata sun ce ƙofa ɗaya ba sakata. Wurin ajiye mota wadatacce ne, amma da dare ba fitila a bayan rumfar, don haka zanen ba ya ganuwa bayan magariba. Idan da iyali kake tafe, ka tsaya tsakanin la'asar da ƙarfe biyar da rabi, ka ci tuwo, ka bar yara su je wajen raƙumin. Ka dai hana su hawa, akwai wata waldar da ta saki a wuyansa.