Kamun kifi da ɗan jagora a kogin Kinai, Alaska: yadda na gan shi

Tunda na dawo Jos 'yan majalisarmu na Bauchi Road suke tambayata wai da gaske kuɗi na biya aka kaini kamun kifi, to ga bayanin.

Yayana ne da ke aiki a birnin Ankorej na Alaska ya kama mana wuri a watan Yuli, tafiyar wajen awa uku a mota zuwa garin Soldotna. Biyar na safe muka shiga jirgin ruwa amma gari ya riga ya waye, don a lokacin dare ba ya wani daɗewa, sallar asuba ma sai da muka bi agogon waya. Ruwan kogin shuɗi-shuɗi ne saboda ƙanƙarar duwatsu ce ke narkewa tana shigowa, sanyinsa kuwa ko na Disambar Jos bai kama ƙafarsa ba, duk da wandon robar da suka bamu mai haɗe da takalmi har ƙirji.

Gaskiya ɗan jagoran nan shi ne kuɗin. Shi ya fahimtar da mu cewa kifin salmon a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya yi shekaru, sannan ya dawo kogin da aka haife shi ya zuba ƙwai ya mutu, kuma irin salmon mai jan naman nan da muke nema idan ya shigo kogi ya daina cin abinci, saboda haka ba maganar sa tana a ƙugiya kamar yadda muke wa tarwaɗa, sai ka san layin da suke bi gefen gaɓa ka dinga wurga fatsa kana ja. Awa ɗaya ban samu komai ba, ya zo ya gyara min tsayuwa ya rage min zare, ba a jima ba na ji an fizge ni. Wallahi kifin nan akwai ƙarfi.

Uku aka yarda kowa ya ɗauka ranar, na samu biyu. Wani kifin kuma da ake kira tirawut, da ɗan dutsen ado mai kama da ƙwan salmon ake yaudararsa, ka kama ka mayar ruwa, abin ya min ciwo amma na gane dalilin. Babban salmon ɗin ma, irin wanda aka kama mai kusan kilo 44 a 1985, an hana taɓa shi saboda ya yi ƙaranci.

Inda ban ji daɗi ba: ba su faɗa mana tun farko cewa lasin kamun kifi daban muke saya ba, ɗaure naman a leda da daskarar da shi ma wani kuɗin ne. Abincin rana kuma akwai naman alade, da biskit muka wuni. Amma da azahar ta yi, muna faɗa wa ɗan jagoran ya tsaya bakin gaɓa ya jira muka idar.

In za ka je, ka tambayi jimillar kuɗin a rubuce, ka kuma riƙe abincinka.