Doom na 1993 da Call of Duty Mobile a waya ɗaya

Duka biyun suna kan wayata yanzu, kuma duka biyun wasan harbi ne da ba ka ganin jikinka sai hannu da bakin bindiga. Kamar tasu ke nan kaɗai.

Doom, wanda kamfanin id Software ya fitar a 1993, ba ya lallashin kowa. Za a jefa ka cikin gini mai lungu da saƙo, ga ƙofofi a kulle, sai ka nemo jan kati ko shuɗi ko rawaya kafin su buɗe, kuma babu kibiyar da za ta nuna maka hanya. Ba ka tsalle, ba ka ɗaga kai sama, ba ka tsayawa ɗura harsashi, duk bindigar da ka tsinta tana jikinka. Gudu ne kawai da kauce wa ƙwallon wutar da dodanni ke jefowa. Mai wasan da ya tsaya wuri ɗaya ya gama yawo.

Abin da ya fi kama ni shi ne maganar rai. A Doom idan aka harbe ka ranka ya sauka zuwa 20, a nan zai zauna har sai ka tsinci akwatin magani, ƙarami ya ƙara maka 10, babba 25. Wannan kaɗai ya canza yadda nake tafiya. Sai na ga akwati na bar shi, na riƙe wurin a kaina, don na san zan dawo a galabaice. Harbin da ka sha a ɗakin farko bashi ne da za ka biya a ɗaki na biyar. A Call of Duty kuwa allo zai yi ja, ka laɓe bayan bango ɗan lokaci, ka fito garau. Tun Call of Duty 2 na 2005 suke wannan tsari, kamar yadda wasan Halo na 2001 ya yaɗa ɗaukar bindiga biyu kacal. Shi ya sa wasan zamani ya zama leƙe da laɓewa, a saita a harba a koma.

Ba raina shi nake ba. Call of Duty Mobile, da ya fito a 2019, an gina shi ne don yatsa da gilashin waya, kuma ya zauna daram. Filaye irin Nuketown ƙanana ne, biyar da biyar, cikin minti kaɗan an tashi. Da dare a unguwar Mabera a Sakkwato, idan iska ta ɗan sauka muka baje a ƙofar gida da abokai, shi muke bugawa, ihun ma rabin daɗin ne. Ƙanena ya leƙa Doom sau ɗaya ya ce, "Yaya, wanga ai wasan tsofaffi ne, mutanen kamar an yanka su da kwali." Kan hoto dai ba zan yi masa musu ba.

Inda na zamani ya gajiyar da ni shi ne hidimar da ke gabansa. Gigabait da yawa yake ci, sabuntawa ba ta ƙarewa, kafin ka kai ga harbi sai ka ratsa tallar kaya da fentin bindiga. Ga zafin Sakkwato a watan Afrilu, waya ta ɗauki zafi, hoto ya fara sarƙewa, netwok ya yi ƙasa a kashe ka ba ka ga mai harbin ba. Doom ba ruwansa da data, ba ya cin wuri, caji ma a hankali yake sha.

Amma Doom a gilashin waya wahala ce. An yi shi ne don madannan kwamfuta, babban yatsa yana zamewa daidai lokacin da dodo ya taso. Duk mai son gwada shi ya haɗa da kwantirola ta Bluetooth, ko ya buga a laftof, sannan ya fara da matakin wahala na tsakiya, wanda suka kira Hurt Me Plenty.