Wuninmu a Zanzibar da direban haya, ba da motar kamfanin jirgi ba

Wanda ya taɓa hawa jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ya san yadda kamfani yake tallar tafiye-tafiyen tudu. Tun ba a isa tsibiri ba ake zuro maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ga hotuna masu kyau, ga farashi a dala, sannan a ƙasa a rubuta cewa duk wanda ya fita da kansa ya makara, jirgi ba zai jira shi ba. Wannan gargaɗin gaskiya ne, kuma shi ne jarinsu. Ni da uwargida mun duba abin da suka yanka wa kowane mutum ɗaya a zangon Zanzibar, tsibirin da ke gaɓar Tanzaniya, muka ga gara mu nemi direba ɗan gari. Wasu ma'aurata da muke cin abinci a tebur ɗaya suka ce a sa da su, aka raba kuɗin mota biyu. Abin da muka kashe mu biyu, har da kuɗin shiga wurare da abinci, bai kai abin da kamfani ya nema a kan mutum ɗaya da rabi ba. Zan sake yin haka, amma da gyara a wuri ɗaya, wanda zan zo kansa.

Direban na same shi ne ta intanet, muka koma WhatsApp muka yi ciniki tun ana saura makonni. Bai nemi kafin alƙalami ba, abin da ya fara kwantar mini da hankali ke nan, domin jirgi yana iya soke zango saboda iska ko igiyar ruwa, kuma kuɗin da ka tura wa mutum a wata ƙasa ba lallai ya dawo ba. Na nemi ya turo hoton motar da lambarta, ya turo. Na ce ya rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba, ya rubuta: mota, mai, ruwan sha da jira nasa ne, kuɗin ƙofa da abinci namu. Ya kuma ce mu zo da sababbin takardun dala ko mu canza zuwa shilin na Tanzaniya, don tsofaffin takardu da masu yagewa ba sa karɓuwa a can. Haka kuwa muka tarar.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai zuwa wannan gaɓar ya sani kafin ya sa wa kowa lokaci. Masu jin Swahili suna fara ƙirgen awa ne daga wayewar gari, don haka ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, ƙarfe 4 na yamma kuma ƙarfe goma. Tazarar awa shida ce cif. Masu hulɗa da baƙi sun saba da agogonmu, amma mai kwale-kwale ko mai tasi a bakin titi yana iya juya maka lissafi ba da mugun nufi ba. Direbanmu da kansa ya ce in rubuta masa lokacin komawa da lambobi, in ƙara “da yamma”. Ban da wannan akwai agogon jirgi, wanda shi ne abin bi ko da wayarka ta nuna wani abu daban. Na ɗauki hoton shafin da aka rubuta lokacin kwale-kwalen ƙarshe mai komawa jirgi da lambar wakilin jirgi a tasha, na ajiye a waya, uwargida ma ta kwafa a takarda ta sa a jaka.

Jirginmu bai matso bakin tasha ba. Can nesa ya jefa anga, aka riƙa jigilar mutane da ƙananan jiragen da ke rataye a gefensa. Nan ne mai fita da kansa yake fara biyan kuɗin 'yancinsa, domin waɗanda suka sayi tafiyar kamfani su ake fara sauke wa, sauran kuma su karɓi lamba su zauna jira. Mun taka ƙasa rana ta ɗan ɗaga. A bakin ƙofar tasha ga 'yan kamasho birjik, kowa yana cewa shi ne aka aiko ya tarbe ka. Namu yana tsaye gefe da kwali mai sunana, da hula da farar kanzu, irin doguwar rigar mutanen can. Ya yi mana sallama, ya kira ni Mzee, wato dattijo, ya kira uwargida Mama, kuma haka ya riƙe har yamma.

Tsarin da na shimfiɗa shi ne a fara da wuri mafi nisa, a ƙare da cikin gari, ta yadda awannin ƙarshe za su same mu inda ko da ƙafa za mu iya kaiwa tasha. Shi ya sa na cire Nungwi, bakin tekun arewa da kowa ke yabo: kusan kilomita 60 ne daga gari, zuwa da dawowa zai cinye kusan awa uku a mota, kuma faci ɗaya ya isa ya jefa mutum cikin tashin hankali. Gaɓar gabas, su Paje da Jambiani, tana da nata sharaɗin, don idan ruwa ya janye sai ka yi tafiya mai nisa a kan yashi kafin ya kai maka gwiwa, kuma lokacin janyewar yana sauyawa kullum. Tsibirin Changuu ma na bar shi duk da manyan kunkurun da ke can, waɗanda aka kawo daga Seychelles a 1919. Yana kusa, amma sai an sake shiga wani kwale-kwalen, kuma ban so in rataya komawata a kan inji biyu a wuni ɗaya ba. Muka zaɓi dajin Jozani, kimanin kilomita 35 kudu maso gabas da gari.

Jozani ya biya. Shi kaɗai ne gandun daji na ƙasa a tsibirin, kuma jan birin da ke cikinsa ba a samun irinsa a ko'ina a duniya sai a Zanzibar. Ana biya a ƙofa, a haɗa ku da ma'aikacin gandu, direba ya tsaya a waje. Ba mu yi nisa ba muka iske garke guda a kan bishiyoyin gefen hanya. Wata uwa tana zaune a reshe daidai tsayin kaina, ɗanta ya ƙanƙame cikinta, bayanta ja kamar an shafa lalle, farin gashi ya tashi tsaye a kewayen baƙar fuskarta. Tana tsinko ɗanyen ganye tana cusawa a baki, ko kallonmu ba ta yi. Ma'aikacin ya nuna mana hannunta: yatsu huɗu dogaye, babban yatsa kuwa sai ɗan dungu. Ya ce ganye da ɗanyun 'ya'yan itace ne abincinsu, cikinsu ba ya ɗaukar nunannu masu zaƙi, kuma sukan ci gawayi don ya kashe dafin wasu ganyayen. An hana matsowa kusa da su ko ba su abinci, saboda cutar mutum tana kama su. Daga nan aka tsallaka titi zuwa gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, inda ƙananan ƙaguwa ke shiga ramuka cikin taɓo. Gajeriyar tafiya ce, dattijo ma zai iya, sai dai sauro yana nan, a zo da man shafawa.

Yanzu ga inda na rage wa direban maki. A hanyar dawowa ya ce, “Mzee, ba a zuwa Zanzibar a koma ba a ga gonar kayan ƙamshi ba, kuma a kan hanya take.” Ba a kan hanya take ba. Gonakin suna arewa maso gabas da gari ne, wajajen Kizimbani, mu kuwa daga kudu muke tahowa. Abokan tafiyarmu suka nuna sha'awa, uwargida ta ce, “Alhaji, tunda mun zo, a je mana,” sai aka je. Ba zan ce babu abin gani ba. Kanumfarin da muke jefawa a kunu da zoɓo da yaji, ranar na fara ganinsa a bishiya, ashe tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya har ya yi baƙi. An kankare mana ɓawon kirfa, an fasa gyaɗar ƙamshi muka ga jan zaren da ya naɗe ƙwallon. Tarihin ma mai nauyi ne: Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, wanda ya maido da fadarsa Zanzibar wajen 1840, shi ya matsa a shuka kanumfari, kuma bayi ne suka yi noman. Yau yawancinsa a tsibirin Pemba ake samu. Amma gonar da aka kai mu ta nuni ce kawai, bishiya ɗaya ɗaya daga kowane iri, da samari da ke saƙa maka hula da ganyen kwakwa suna jiran tukuici, mai hawa bishiya yana jiran nasa, mai yanka abarba yana jiran nasa. A ƙarshe aka tsayar da mu gaban tebur cike da ƙulle-ƙullen leda. Da muka shiga kasuwar Darajani daga baya, sai ga kaya iri ɗaya a ƙasa da rabin kuɗin. Ba sai an faɗa ba, direba yana da la'adarsa a wurin. Ban ga laifin mutum ya nemi na cefane ba, abin da ya ɓata mini rai shi ne cewa da ya yi a kan hanya take, alhali ya san a ƙirge lokacinmu yake. Fiye da awa guda ta tafi, kuma daga rabon tsohon gari aka yanke ta.

Tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe, mota ba ta shiga lungunansa. Direban ya ajiye motar ya shige gaba da ƙafa, kuma a nan ya fanshi kansa. Ya fara kai mu masallaci muka yi alwala muka haɗa azahar da la'asar, abin da motar kamfani ba za ta taɓa tsaya maka ka yi ba. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, don haka batun abinci ba abin damuwa ba ne, kuma shigar uwargida ta sa ko'ina aka ɗauke ta 'yar gida har sai ta buɗe baki. Ya kai mu wani ƙaramin gidan abinci da ma'aikata ke cika, muka ci shinkafar pilau da kifi, muka ɗanɗana urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai da tsiren da suke kira mishkaki.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cocin Anglika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi. An rufe kasuwar a 1873 zamanin Sarki Barghash, bisa matsin lambar Ingila, a shekarar kuma aka fara ginin. A harabar akwai rami da gumakan mutum biyar a tsaye, sarƙa ta haɗa wuyansu. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu ƙaramin rufi da ake cewa nan ake tsare bayi, da zauren hotuna da bayanai da ya cancanci a ba shi awa guda. Mu minti ashirin muka samu. Daga nan muka bi lunguna muna kallon manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, muka fito bakin teku wajen tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina. Kusa da ita ga Beit al-Ajaib, gidan da Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a watan Disamba na 2020. Daga waje kawai muka kalle shi. A wannan bakin ruwan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada luguden wuta ranar 27 ga Agusta, 1896, yaƙin da bai kai awa ɗaya ba. Direban ya ba da labarin tsaf, har da juyin juya halin Janairun 1964 da haɗewa da Tanganyika da ta haifar da Tanzaniya a watan Afrilun shekarar, ko da yake da ya zo nan sai ya rage murya ya gajarta.

Filin Forodhani, inda ake kasuwar abincin dare, mun same shi ana fara kafa tebura da hura gawayi. Mai zuwa da jirgin da ke tashi da yamma ya cire wannan daga lissafi, sai magariba take kankama. Daga nan zuwa tasha tafiyar 'yan mintuna ce, muka isa da saura fiye da awa guda kafin kwale-kwalen ƙarshe, muka biya shi kamar yadda aka yi, na ƙara masa ɗan abu a kai saboda rakiyar cikin gari.

Wanda zai bi wannan hanyar ya binciki batun biza da kamfanin jirgi da ofishin jakadancin Tanzaniya tun kafin ya biya kuɗin ɗaki, don dokar ta bambanta daga fasfo zuwa fasfo, kuma mai fitowa daga Nijeriya ko Nijar ya riƙe katin rigakafin shawara a hannu. Ya duba ko zangon ya faɗa ranar Juma'a ko cikin azumi, lokacin da shaguna da gidajen abinci da yawa ke rufewa. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi a can. Mai tafiya da ƙananan yara ko wanda ba ya jure fargabar agogo, ya biya kamfani ya huta. Sauran kuwa, a rubuta wa direba jerin wuraren da za a je tun a WhatsApp, a ƙara masa layi ɗaya cewa ba za a tsaya ko'ina ba sai waɗannan, kanumfari kuma a bari sai an shiga Darajani.