J.R. Ewing a faya-fayan DVD na Dallas: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Kamfanin Warner ya tattara wasan kwaikwayon nan mai dogon zango na ƙasar Amurka, wato Dallas, a faya-fayan DVD, tun daga kashi na farko da gidan talabijin na CBS ya nuna ranar 2 ga Afrilun 1978 har zuwa na ƙarshe ranar 3 ga Mayun 1991. Zango 14 ne, kashi 357, kuma duk wanda zai zuba kuɗinsa a kaya mai yawa irin wannan ya kamata ya san abin da zai tarar a ciki. A ganina, mutum ɗaya ne ya ɗauki nauyin wasan, wato J.R. Ewing, kuma shi kaɗai ya isa dalilin saye, ko da yake ba duka zangunan ne suka yi masa adalci ba.

Da farko ba a kansa aka gina labarin ba. David Jacobs, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya ɗora shi ne a kan auren Bobby Ewing da Pamela Barnes, 'ya'yan gidaje biyu na jihar Texas da suka gaji gaba daga iyayensu a kan dukiyar man fetur. J.R. yayan Bobby ne, kuma aikin da aka tanadar masa shi ne ya yi wa auren ƙafar ungulu. Amma Larry Hagman, ɗan wasan da ya hau matsayin, wanda shi ma haifaffen Texas ne, ya janye hankalin masu kallo zuwa gare shi tun a zangunan farko, har ya zama shi kaɗai ne ya fito a dukkan kashi 357.

Abin da ya sa haka yana bayyana ƙarara idan mutum ya kalli faya-fayan a jere. J.R. ba ya ɗaga murya, ba ya zare ido. Zai shigo ofishin kamfanin Ewing Oil da faffaɗar malafarsa, ya gaishe da abokin hamayya da fara'a, ya tambayi lafiyar iyali, alhali tun jiya ya gama sayen waɗanda za su durƙusar da shi, kuma sai bayan baƙon ya juya baya ne murmushin yake canja kama, idanu su ƙanƙance, mai kallo ya gane cewa an riga an gama da mutumin. Kura ce da fatar akuya, sai dai mai kallo ya san sirrin tun kafin sauran 'yan wasan su sani, wannan kuwa shi ne abin da ke riƙe mutum a gaban allo. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda wannan mutum mai juya attajirai da 'yan siyasa yake komawa ƙaramin yaro a gaban mahaifinsa, Jock Ewing. Idan iyali suka taru a falon gidan gandun Southfork kafin cin abincin dare, kalma ɗaya ta yabo da Jock zai yi wa Bobby tana isa ta ɓata wa J.R. fuska. Duk zagon ƙasan da yake yi, tushensa neman yardar uba ne wanda ya fi ƙaunar ƙaninsa, kuma Hagman ya nuna wannan rauni ba tare da ya nemi a tausaya wa mugu ba.

Zamansa da matarsa Sue Ellen, wadda Linda Gray ta fito a matsayinta, shi ne ɓangaren da ya fi ɗaci. Cin amanar da yake yi mata ya jefa ta cikin shaye-shaye, kuma a ƙarshen zango na biyu ya sa aka kulle ta a gidan jinya tana ɗauke da cikin ɗansu. Wasan bai yi wa wannan zalunci ado ba, kuma ina yaba masa a kan haka. Wannan ne ma ya sa ba kallon yara ba ne, domin giya da neman mata sun cika shi.

Ranar 21 ga Maris 1980 aka rufe zango na uku da harbin J.R. a ofishinsa, ba tare da an nuna fuskar wanda ya yi harbin ba. Yajin aikin 'yan wasa da aka yi a Amurka a shekarar ya ƙara tsawaita jira, sai ranar 21 ga Nuwamba aka warware zancen, a wani kashi da mutum fiye da miliyan 80 suka kalla a ƙasar. Ba zan ambaci sunan mai harbin ba saboda waɗanda ba su gani ba. Mai faifai ba zai ɗanɗani wancan jira na wata takwas ba, amma zai samu abin da masu kallon wancan lokaci ba su samu ba: zai ga yadda marubutan suka bi sannu a hankali suna tara wa J.R. maƙiya, har ya zama kusan kowa a labarin yana da dalilin ɗaukar bindiga.

Bayan rasuwar Jim Davis a 1981, wanda ya fito a matsayin Jock, sai aka kashe Jock a cikin labarin ta hanyar hatsarin jirgi mai saukar ungulu a nahiyar Amurka ta Kudu. Wasiyyar da ya bari ta raba kamfanin tsakanin J.R. da Bobby na tsawon shekara guda, a kan cewa wanda ya fi kawo riba shi zai riƙe ragama. Wannan zango na shida shi ne ƙololuwar wasan a wurina, domin J.R. yana fafutukar burge uban da ba zai sake ganinsa ba.

Daga nan ne ƙarfin ya fara raguwa. An kashe Bobby a 1985 lokacin da Patrick Duffy, wanda ya fito a matsayinsa, ya bar wasan, sannan aka dawo da shi a 1986 da hujjar cewa duk abin da ya faru a zango na tara mafarki ne Pamela ta yi. Wanda ya saya ya sani cewa zango guda cur na cikin kayansa marubutan da kansu sun soke shi, kuma wannan rashin mutunta mai kallo ne. Victoria Principal, wadda ta fito a matsayin Pamela, ta tafi a 1987, Linda Gray ta bi bayanta a 1989, aka bar J.R. da sababbin fuskoki waɗanda ba su kai su ja da shi ba, makircinsa kuma ya zama maimaici.

Ta fuskar kayan kansu, hoton na tsohon tsarin talabijin ne mai kusan murabba'i, don haka baƙin fili zai bayyana a gefe biyu na faffaɗan allo. Da Turanci ake magana, da karin harshen mutanen Texas wanda kunne yake buƙatar ɗan lokaci kafin ya saba da shi. Yana da kyau mai saye ya duba lambar yankin faifan, domin wanda aka yi wa kasuwar Amurka ba ya aiki a kowace na'ura. Ci gaban labarin da tashar TNT ta fara nunawa a 2012, wanda Hagman ya rasu ana tsakiyar ɗaukarsa a watan Nuwamban shekarar, ba ya cikin waɗannan zanguna 14. Wanda zai iya samun zangunan ɗai-ɗai, ina ba shi shawarar ya sayi na ɗaya zuwa na takwas, sauran kuma ya bar wa mai son ya ga ƙarshen J.R. ko ta halin ƙaƙa.