Kotun gida ko Hukumar Tarayyar Turai?

Masu sana'ar nama a Turai sukan tambaya: in gwamnati ta makara wajen shigar da wani umarnin Tarayyar Turai cikin dokarta, har ka yi asara, ina za ka nufa?

Ƙorafi ga Hukumar Tarayyar, mai sa ido kan bin dokokin Tarayya, kyauta ne, sai dai ita ke da zaɓin gurfanar da ƙasar, kuma ko an ci ƙasar tara, ba aljihunka za ta shiga ba. Kotun gida kuwa, wato ta ƙasarka, tana cin kuɗi da shekaru, amma tun hukuncin da Kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar Francovich a 1991 ana samun diyya, muddin umarnin ya ba ka wani haƙƙi, kuma ka tabbatar jinkirin ne ya jawo asarar. Nan gizo ke saƙar.

Mai takardun asara a hannu, kotu ta fi masa. Mai son a gyara dokar kawai, Hukumar ta ishe shi.