Ƙarar mai ce ko ƙarar biyel? Amsa ga mai R6 a Tawa

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce Yamaha R6 ne na 2008, ka saye shi na hannu, kuma tun ranar da ka dawo daga Ƙonni injin ke ƙwanƙwasa. Makanike ɗaya ya ce maka mai ne, wato fetur ɗin da ka zuba, wani ya ce biyel (sandar ƙarfen da ke haɗa fistan da karanshaf) ta tafi, sai an sauke inji. Kowannensu yana iya yin gaskiya, amma tazarar da ke tsakanin maganganunsu ita ce tazarar kuɗin cika tanki da kuɗin rabin babur. Don haka kafin kowa ya ɗora maɓalli a kan injin nan, ka san yadda ake rarrabe su.

Ƙarar mai daga cikin wutar take fitowa. A lafiyayyen inji buji ne ke kunna wuta, ta bazu a hankali ta tura fistan. Idan man ba ya jure matsi, ko injin ya yi zafi fiye da kima, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, ya doki kan fistan kamar guduma. Ƙarar biyel kuwa ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Ƙasan biyel yana juyawa a kan karanshaf, babbar sandar da fistan ke juyawa, tsakaninsu akwai ɗan kusine, wato siririn ƙarfe mai laushi, da man inji ke shafe shi kullum. Ranar da man ya yi ƙaranci, ko ya tsinke, ko yashi ya shiga cikinsa, kusinen ya cinye, wuri ya buɗe, kowane zagaye sai biyel ta buga.

A kunne ma ba ɗaya suke ba. Ta mai siririya ce, kamar ka zuba tsakuwa cikin gwangwanin madara ka girgiza, daga saman inji. Ta biyel mai kauri ce, daga ƙasa, kamar daka a gidan maƙwabta, ana jin taɓarya ta bayan katanga. Amma kada ka dogara da kunne kaɗai, domin inji mai silinda huɗu surutunsa yawa gare shi. Lokacin da ƙarar ke zuwa ya fi sautinta faɗin gaskiya.

Ƙarar mai sai inji na shan wahala take bayyana: kana giya ta biyar ko ta shida, gudu kaɗan, ga goyo a baya, ga hawa, ga ranar azahar, sai ka murɗa hannu. Ka sauko da giya biyu ko ka sassauta hannun, ta ɓace nan take. Babur na tsaye ba ya cikin giya, ka ba shi wuta yadda kake so, da wuya ka ji ta. Ta biyel ba ruwanta da hawa ko goyo. Tana nan ko a tsaye, tana bin juyin inji, ta fi fitowa sa'ad da ka ba shi wuta kaɗan ka saki, kuma tana ƙaruwa idan man inji ya ɗumi ya yi ruwa-ruwa. Ko ka zuba fetur ɗin da ya fi kowane kyau a duniya, ba za ta yi shiru ba.

Ni dai, daga yadda ka kwatanta, zuciyata ta fi karkata ga mai, kuma ga dalilina. Matsin injin R6 na wannan shekara, wato yadda fistan ke matse iska da mai, 13.1 zuwa 1 ne, kamfanin kuma mai oktan 95 ya ce a zuba masa (oktan shi ne lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi). Ƙananan baburan 125 da 'yan kabu-kabu ke hawa matsinsu bai wuce kusan 9 zuwa 1 ba, shi ya sa suke shanye duk abin da aka ba su su wuce. Man kwalba na bakin hanya ba ka san kwanansa nawa a rana ba, ba ka san ko an surka shi da kananzir ba, kananzir kuwa oktan ɗinsa ƙasa yake ƙwarai. Haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu a Adar, inda ma'auni ke haura 40, da ƙurar da ke toshe haƙarƙarin radiyeta. Ka tsiyaye tankin kakaf, ka cika a gidan mai, ka wanke radiyeta da ruwa marar ƙarfi, ka tabbata fanka tana tashi, ka duba filtar iska. Sannan ka kwance buji huɗun. In ka ga ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masoro a farin jikinsu, ko farin ya tsage, to fashewar ta daɗe tana aiki.

Sai dai kada karkatata ta sa ka yi barci, domin ta farkon ita ke haifar ta biyun. Duk dukan da fistan ya sha, biyel ce ke kai shi ga kusine. Wanda ya yi wata guda yana hawa da ƙarar mai yana iya wayar gari da ƙarar biyel. Kuma akwai abin da masu Yamaha da yawa ba su lura da shi ba: fitilar man inji ta R6 yawan man take aunawa, ba ƙarfin tura shi ba. Rashin kamawarta ba shaida ba ce cewa kusine na samun rabonsa.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin ko sisi bayan kuɗin bidanji, wato canjin man inji. Ka juye man inji cikin tasa mai tsabta, ka fita da ita rana, ka karkata ta. In ka ga yana ƙyalli kamar an zuba garin zinariya ko azurfa, kusine ne ke narkewa a ciki. Ka yanka filtar man inji ka buɗe takardarta, nan ɓarɓashin ke taruwa. Ana kuma iya cire wayar bobin, mai ba buji wuta, ɗaya bayan ɗaya na ɗan lokaci inji na aiki: silindar da aka kashe ƙarar ta ragu, ita ce mai ciwon. In an samu haka, kada ka sake tayar da shi ko zuwa garaji, a ɗora shi a mota. Biyel da ta karye fasa jikin inji take yi ta fito.

Akwai 'yan ƙararraki da ke shigar burtu. Sarƙar cikin inji idan abin ɗaure ta ya saki tana karkarwa a gefen dama. Kuloci ma yana kwaramniya a tsaye, ka matsa hannunsa ta ɗauke. Dogon turnabis, bakinsa a jikin inji, ƙotarsa a kunnenka, zai nuna maka daga ina take.

In har ta kai ga buɗe inji, ka zaɓi makanike da ido biyu. Wanda ya saba da 125 ya saba da biyel mai boris da ake matsewa da injin matsi. Na R6 kusine ne rabi biyu, kowanne da launin da ke nuna kaurinsa, ana zaɓarsa bisa lambobin da ke jikin biyel da karanshaf, ƙusoshin kuma da ma'auni ake ɗaure su, ba da ƙarfin dantse ba. Ka tambaye shi yadda zai zaɓi kusinen tun kafin ya kwance ƙusa ta farko. Wanda kuma ya ce a zuba man inji mai kauri ƙarar za ta tafi, dabarar dillalai ce ranar kasuwa. Sauti take rufewa, ramin yana nan.

Ka fara da tasar da sauke giyar, ka faɗa mana abin da ka gani.